Baƙin Layin da Ya Kashe Auta

Ranar da aka kai Auta makwancinta ban yi kuka ba, kuma na ji abin da matan unguwa suka riƙa faɗa a kan haka. Su faɗa. Wanda ya san ƙanwarsa kashe ta aka yi ba shi da lokacin zama yana sharar hawaye.

Auta ƙanwata ce, uwa ɗaya uba ɗaya. Da ƙafarta ta shigo asibitin da nake aiki, tana dafe da ƙugu tana dariya, tana cewa ai Yaya na nan, me zai same ta. Haihuwa ta zo da gardama, aka shiga da ita tiyata da yamma aka ciro ɗa namiji lafiyayye. Bayan kwana kaɗan ɗinkin ya kumbura, ya fara ruwa, zazzaɓi ya rufe ta. Aka canza magani, aka sake buɗe ciwon aka wanke, abin ya ƙi. Kafin cibiyar yaron ta faɗi uwarsa ta tafi.

Ita ce mace ta uku da ɗinkinta ya ruɓe a cikin wata guda. Biyun farko sun sha da ƙyar, ɗaya ma har yau ba ta miƙewa sosai. Ruwa ba ya tsami banza. Ciwo uku, ƙwayar cuta iri ɗaya, ɗakin tiyata ɗaya: wani ne ya buɗe wa cutar ƙofa.

Aikina a asibitin shi ne hana yaɗuwar cuta. Ni ce mai bin mutane da maganar wanke hannu, mai leƙa ƙarƙashin gado, mai shinshina bokiti. Ba kowa ke son ganina ba, ni ma ban zo neman masoya ba. Suna ce mini 'Yar Mai Sawu, domin mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, bin sawun ɓarayin dabbobi ne sana'arsa. Ya sha gaya mana cewa ɓarawo mai wayo yakan share sawunsa, amma ba ya iya share sawun tsintsiyarsa. Wurin da ya fi ko'ina kyau, in ji shi, nan ake tsugunawa a duba.

Washegarin da na koma aiki na je wurin Babban Likita na ce ya ba ni binciken. Ya ce ina cikin zafi, ba zan ga daidai ba. Na ce zafin ne zai hana ni barci har sai na gani. Ya daɗe yana kallona, sannan ya ba ni izini in shiga ko'ina, in tambayi kowa.

*

Kafin in fara, asibiti ya riga ya yanke hukuncinsa. Kowa ya ce Mai Tukunya ne.

Tukunya ita ce injin tururin da ake dafa kayan tiyata a ciki, almakashi da hantsaki da sauransu, har duk wata ƙwayar cuta ta mutu. Ana wanke kayan, a naɗe su a koren ƙyalle, a liƙe ƙunshin da wani salatif mai fararen layuka. In tururi ya ratsa ƙunshin, layukan sai su koma baƙi. Duk nas ɗin da za ta buɗe ƙunshi a tiyata, layin take dubawa. In baƙi ne, shi ke nan.

Mai kula da injin dattijo ne mai ƙarancin magana, kunnensa ɗaya ba ya ji sosai saboda shekarun da ya yi kusa da ƙarar tururi. Irin wannan mutum ya fi sauƙin ɗora wa laifi. Masu gadi suka daina amsa gaisuwarsa. Mijin Auta, direban babbar mota ne mai ƙarfi kamar ya ɗaga ta da hannu, ya fara zama a bakin ƙofar asibiti da 'yan uwansa suna jiran fitowar tsohon. Na je na same shi a can.

Na ce, "Ka ba ni kwanaki. In shi ne, ni zan riƙe maka shi."

Ya ce, "Yaya, in kuma ba ki samu kowa ba fa?"

Na ce zan samu. Ya sunkuyar da kai ya ce zai jira, amma ba har abada ba. Na san da gaske yake, kuma na san in ya taɓa tsohon a banza, yaron da ya rasa uwa zai rasa uba, wanda ya yi aikin kuma ya ci gaba da yawo cikin farin kaya.

*

Na fara da Sista Babba, shugabar ɗakin tiyata, domin ita ce ta san kowa da komai. Mace ce da ake tsoro ake kuma yabo. Kayanta ba su taɓa yamutsewa ba. Ko ƙarfe nawa ne, ko bayan doguwar tiyata ce, za ka gan ta da kari a hannun riga da farin mayafi miƙe, har yara nas-nas ke cewa ƙuda in ya sauka a kafaɗarta santsi zai kwashe shi. Abin alfaharinta ɗaya ne, kuma babu taron da ba ta faɗe shi: a hannunta ba a taɓa ɗage tiyata don rashin kayan aiki ba.

Ta karɓe ni da kyau, ta yi mini ta'aziyya har da riƙe hannu. Ta ce ita ma 'yarta ta fari na da tsohon ciki, an ma sa ranar da za a yi mata aiki a nan, don haka abin ya taɓa ta. Daga nan ta sassauta murya ta ce in yi haƙuri da abin da za ta faɗa, amma sau da yawa dangin mara lafiya ne ke ɗaga bandeji su shafa abin da suka zo da shi daga gida.

Na ce, "Sista, ni na yi jinyar Auta. Ba wanda ya taɓa ɗinkin nan sai da safar hannu."

Ta ce ai ba mu take nufi ba, magana ce kawai. Ta shawarce ni in duba Likita Agogo, in kuma duba tsohon da kyau, don tsufa ba ya shawara. Na fita ina jin maganar dangi tana cina a ƙirji, amma a lokacin na ɗauke ta a matsayin irin rashin ta-idon manyan ma'aikata.

*

Likita Agogo matashi ne, shi ya yi wa mata biyu cikin ukun aiki, har da Auta. Sunan ya samo shi ne daga wani ƙaton agogo da ba ya son cirewa, wanda muka sha faɗa a kansa. Gaskiya na so ya zama shi ne. Na riga na tsane shi, kuma tsanar da ta riga ta samu gurbi ba ta da wahalar ƙarawa.

Na same shi a ɗakin hutawa, ya rame, idanunsa sun faɗa. Bai jira na tambaya ba ya cire agogon ya ajiye a gabana ya ce in gwada. Na goga tsinken auduga a bayan agogon, da ƙarƙashin farcensa, da cikin hancinsa, da wayarsa. Ya zauna shiru kamar yaron da ake yi wa aski. Da na gama ya ce in har shi ne yana so ya sani.

Ɗakin gwaji ya dawo da amsa: agogon da datti, amma ba irin ƙwayar da muke nema ba ce. Ga shi kuma mace ta farko ba shi ya yi mata aiki ba. Na ji haushi, na kuma ji kunyar haushin. Na riƙe agogon duk da haka, na ce ya karɓa ranar da ya yi ritaya.

Haka na bi mai shara da bokitinta, na bi famfon wanke hannu, na hau kujera na leƙa na'urar sanyaya ɗaki. Na samu abubuwan da za a gyara, kamar kullum, amma ban samu abin da ya kashe Auta ba. Abu ɗaya kawai ya tsaya mini a rai: duka ukun da yamma aka yi musu aiki, a ranakun da tiyata ta yi yawa tun safe.

*

Mai Tukunya na zaune a ɗakinsa mai zafi lokacin da na shiga. Ya miƙe da sauri har ya kusa tuntuɓe. Ya ce, "'Yata, in kin zo ki zage ni, ki zage ni. Amma wallahi ban taɓa fitar da abin da bai dahu ba."

Na ce ya nuna mini yadda yake aiki, kamar ban taɓa gani ba. Ya nuna. Tukunya biyu ce a ɗakin. Babbar ta lalace da daɗewa ana jiran mai gyara, ƙaramar kuma ba ta ɗaukar kaya da yawa, ga shi sai ta huce kafin a buɗe. A ranar da aiki ya yi yawa, in ji shi, kayan da aka wanke aka naɗe sukan taru a kantar hagu suna jiran layi. Wanda ya dahu yana komawa kantar dama. In lokacin tashinsa ya yi, yakan bar na hagu sai gobe.

Na tambaye shi ko yakan tarar da su yadda ya bari. Ya sosa kunnen da ba ya ji. Ya ce wani lokaci yakan ga kamar sun ragu, amma ya ɗauka ko idonsa ne, ko kuma wani ya taimaka ya kunna injin bayan tafiyarsa. Bai tambaya ba, don mutum irinsa in ya cika tambaya sai a ce ya fara ruɗewa. Makullin ɗakin uku ne: nasa, na Mai Wanki da ke kawo ƙyallaye, da na Sista Babba.

Ya buɗe tukunyar ya ciro ƙunshi guda ya miƙo mini da tawul. Na riƙe shi. Ƙyallen ya tattare ya yamutse kamar fatar hannun da ya daɗe a ruwa, salatif ɗin ya ɗan nannaɗe a gefe, layukan sun yi baƙi. Dubu nawa na irinsa na gani a rayuwata, amma ban taɓa tsayawa na kalle shi ba sai ranar.

Na duba kantar dama ɗaya bayan ɗaya. Duk haka suke, a yamutse, da baƙin layi. Babu laifi ko ɗaya. Na fita hannu rabbana, ina jin kamar in fasa wani abu.

*

A ɗakin haihuwa akwai wata 'yar durowa ta gaggawa, inda ake ajiye ƙunshi biyu ko uku da aka aro daga tiyata saboda ko-ta-kwana. Ba a cika buɗe ta ba. Ni ma ba don komai na buɗe ba sai don na rantse ba zan bar ƙofa ko ɗaya a rufe ba.

Ƙunshi uku ne a ciki. Na farko yamutsattse. Na biyu da na uku kuwa sai suka ba ni sha'awa, kuma sha'awar ce ta tsayar da ni. Layukansu baƙi ƙirin, amma ƙyallen da ke kewaye da salatif ɗin a miƙe yake sumul, har yana ɗan sheƙi. Salatif ɗin ya kwanta lif, babu nannaɗewa. Na kai ɗaya bakin taga na karkata shi ga haske. A kan koren ƙyallen akwai wani sawu mai tsinin baki kamar ganye, da ƙananan ɗigo-ɗigo a jere a gefensa. Wanda ya taɓa goge riga ya san wannan sawu.

Dutsen guga ne, mai tururi. Wani ya ɗauki ƙunshin da bai shiga tukunya ba, ya ɗora masa dutse a kan salatif har layin ya yi baƙi, ya mayar da shi cikin dafaffu. Waje ya ce na dahu, ciki kuwa ɗanye. Da irin wannan aka buɗe cikin Auta.

Na zauna a kan gadon haihuwa da ƙunshin a cinyata. A nan ne kukan da na ƙi yi ya zo, bai daɗe ba kuma ya koma wani abu mai sanyi da nauyi. Na kwashe biyun na kulle a akwatina. Na je na gaya wa Babban Likita a tsaye, ya sa aka sake dafa duk wani ƙunshi da ke asibitin a ranar, da sunan wai ana gwada inji. Na roƙe shi kada ya faɗa wa kowa dalili.

*

Dutsen guga ya kai ni wurin Mai Wanki, kuma na tafi da niyyar in na tabbatar shi ne, ba zan jira mijin Auta ba. Yana da makulli, yana da dutse, me ya rage?

Na tarar da shi cikin tulin zannuwan gado. Na ce ya kawo duk dutsen da yake da shi. Ya kawo guda biyu, manya masu nauyi, gindinsu shafaffe babu rami ko ɗaya, faɗinsu ya kusa ninka sawun da na gani. Na tambaye shi ko yana da ƙarami mai tururi. Ya yi dariya ya ce da ƙaramin dutse zai goge zanin gado ɗari? Ai sai ya kwana. Ya ce irin wannan na 'yan gayu ne, masu goge wuyan riga.

Na fito ina tafiya a baranda a hankali, sai ga Sista Babba ta fito daga ofishinta, rana ta raba, bayan tiyata uku, mayafinta miƙe kamar yanzu aka ciro shi daga leda. Ta yi mini murmushi ta tambaye ni ya bincike. Na ce ana nan ana yi. Shekara da shekaru muna yaba karin rigarta, ba wanda ya taɓa tambayar inda take samunsa da tsakar rana.

Zargi ba hujja ba ne. Mace irinta in ka zo mata da rabin magana, ita za ta fita da tutar gaskiya kai ka fita da takardar kora. Na koma wurin Mai Tukunya na tambaye shi ko Sista ta shigo kwanan nan. Ya ce ta shigo sau biyu. Bayan rasuwar ta zo ta bi kantar dama da kanta ta kwashe wasu ta ce a sake dafawa. Jiya kuma ta kawo ƙunshi biyu, ta tsaya a kansa har suka dahu suka huce, ta tafi da su ofishinta ta kulle. Ta ce na 'yarta ne. Gobe da safe ne za a yi wa yarinyar aiki.

Ta kwashe sawunta, amma ba ta tabbata ta kwashe duka ba. Shi ya sa ba ta yarda 'yarta ta ci daga kantar da kowa ke ci ba.

*

Da safe Babban Likita ya tara mu a ɗakin taro: Likita Agogo, Mai Tukunya, Mai Wanki, mai shara, Sista Babba, da nas ɗin da za ta miƙa kaya a tiyatar ranar. Na sa aka shigo da mijin Auta, na zaunar da shi kusa da ƙofa tsakanin masu gadi biyu. A ƙarshen baranda, an riga an kwantar da 'yar Sista a kan gadon turawa, an sa mata ruwa, ana jiran a gama taro.

Na tashi na ce na bi ko'ina ban samu laifin kowa ba. Hannun likita lafiya, ruwa lafiya, tukunya lafiya. Na ce ƙila dai ƙaddara ce, ko kuma, kamar yadda Sista ta ce, dangi ne. Mijin Auta ya yunƙura, na kalle shi ya koma. Sista Babba ta gyaɗa kai cikin tausayi, ta ce Allah ya ba mu haƙuri.

Babban Likita ya ce to a ci gaba da aiki, kada a bar yarinya tana jira. Na buɗe jakata na ciro ƙunshi biyu na ajiye a kan tebur, ɗaya yamutsattse, ɗaya sumul. Na ce daga yau dokar ofishina ce, duk kayan da za a shiga da su tiyata ta hannuna za su bi, babu na ajiya a ofishin kowa. Na ɗauki mai sumul ɗin na miƙa wa nas, na ce ta kai, da shi za a yi wa 'yar Sista.

Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Na ga idon Sista ya sauka a kan ƙunshin ya ƙi tashi.

Ta ce, "Akwai waɗanda na tanada."

Na ce, "Doka ta hana, Sista. Ke kika koya mana bin doka."

"To a ɗauki wancan."

"Me ya sami wannan? Duba layinsa. Baƙi ne."

Nas ɗin ta tsaya tana kallonmu, na yi mata alama da kai ta tafi. Ta juya, ta taka zuwa ƙofa, ta kama mariƙi. Ban ɗauke idona daga fuskar Sista ba, kuma ba zan ɓoye ba, daɗi na ji. Na so ta ɗanɗani abin da ake ji in an san wuƙa za ta shiga jikin naka.

Kujerarta ta faɗi baya. Ta isa ƙofar kafin nas ta buɗe, ta fizge ƙunshin ta rungume shi a ƙirji.

Ta ce, "Ba da wannan ba. Don Allah ba da wannan ba."

Babban Likita ya tambaye ta a hankali ta yaya ta san bambancinsu. Ban jira amsarta ba. Na karɓi makullin ajiya na ofishinta daga hannun Babban Likita na aiki mai gadi, ya dawo da ɗan ƙaramin dutsen guga mai tsinin baki, an naɗe shi a tawul a ƙasan durowa. Na zare ƙunshin daga hannunta na ɗora dutsen a kan sawun. Ya zauna daram, rami kan ɗigo. Na jona shi a wuta, na yanko sabon salatif mai farin layi na liƙa a ƙyalle, na danna. Tururi ya tashi, na ɗaga, layin ya yi baƙi a gaban kowa.

Sai ta fara magana, ba wanda ya tambaye ta. Ta ce an wanke su fa, da magani aka wanke su. Ta ce babbar tukunya ta mutu, likitoci na tsaye suna jira, mata na naƙuda, ita ce za ta fito ta ce babu kaya? Ita? Ta ce sau da yawa ta yi ba abin da ya faru.

Na ce, "Da kin ce babu, da an jira awa guda, ko an tura ta wani asibitin. Auta ba ta mutu don babu kaya ba. Ta mutu don kada a ce an ɗage tiyata a hannunki."

Mai Tukunya ya rufe fuskarsa da hula. Wata guda ana barin jaki ana dukan taiki, kuma ita ce ta nuna taikin. Mijin Auta ya miƙe, masu gadi suka riƙe shi, amma ba su ne suka tsayar da shi ba. Ya kalle ta, ya kalli tsohon da ya yi kwanaki yana jira a bakin ƙofa, jikinsa ya mutu. Ya je ya durƙusa a gaban Mai Tukunya.

*

Kafin 'yan sanda su iso aka zaunar da ita a kan bencin da ke ƙofar tiyata, wanda dangin marasa lafiya ke zama. Ni na ce a nan za ta jira. A kan bencin nan Inna, mahaifiyarmu, ta zauna ranar da aka sake buɗe cikin Auta.

Ni na ɗauki ƙunshin 'yarta daga tukunya da hannuna, mai zafi, yamutsattse. Ni na tsaya a kan likita har ya wanke hannu zuwa gwiwar hannu. Yarinyar ba ta san komai ba, ta riƙe yatsuna tana tambayar ina mamanta, na ce tana waje tana jiranta. Aka ciro 'ya mace. Aka ɗinke tsaf.

Ban yi saurin fitowa ba. Na cire safar hannu, na wanke hannu, na sake wankewa, na tsaya na ga an goge jaririyar an naɗe ta. Na bar Sista a bencin nan tana kallon ƙofa, kowane motsi ta miƙe. Da na fito, mayafinta ya zame, rigar ta yamutse, karon farko da na gan ta kamar sauran mutane.

Ta ce, "Ya take?"

Na ce, "Lafiya lau, ita da jaririyar. An yi mata da abin da kika hana ƙanwata."

Ta zame daga benci ta kama ƙafata, ta ce in dubi girman Allah in yafe mata. Mutane sun taru, na san abin da suke so su ji daga bakina. Na janye ƙafata. Na ce haƙƙin ba nawa ba ne ni kaɗai. Akwai yaro a gidanmu da ke shan madarar gwangwani, in ya girma ya yi wayo ta je ta tambaye shi. Nawa kason kuwa ban yafe ba, kuma duk ranar da aka kira shari'ar za ta same ni a benci na gaba da ƙunshin nan a cinyata.

Da yamma na koma gida na tarar da Inna tana jijjiga yaron a kafaɗa. Na gaya mata komai, ta saurara har ƙarshe, ta ce Allah ya isa, ta ci gaba da jijjiga shi. Na ciro kayan aikina na gobe daga igiya, na shimfiɗa a kan tebur, na jona dutse kamar kullum. Da ya fara huci na tsaya ina kallonsa, sai na zare wayar.

Washegari da yamutsattsiyar riga na tafi aiki, kuma ba wanda ya ce mini komai.